Kakar 'Ya'yan Masu Ɗinki ta Maputsoe

A unguwar Ha Nyenye da ke Maputsoe, wani gari a bakin iyaka da Afirka ta Kudu, in ka tambayi gidan Mme Matumelo ba wanda zai ce bai sani ba, sai dai yara su gyara maka, su ce ai Kaka ake cewa. Mace ce gajera mai jiki, ba ta rabuwa da bargonta ko da rana ta take, in aiki ya yi aiki ta sauke shi ta ɗaure a ƙugu.

Da ƙarfinta ita ma ɗinki ta yi. Shekara da shekaru tana bakin keke a ɗaya daga cikin kamfanonin da ke ɗinka wanduna ana kaiwa ƙasashen waje, aikinta aljihun baya kawai, daga safe har yamma. Takan yi dariya ta ce da za a jera aljihunan da ta ɗinka da sun kai Maseru, babban birnin ƙasar, sun dawo, ga shi ita ko sau ɗaya ba ta taɓa sa wando ba. Da idonta ya fara gaza ganin kafar allura, ta bar aikin. Mijinta ya riga ya rasu da ciwon ƙirjin da ya kwaso a ramin zinariya a Afirka ta Kudu, ɗanta Tumelo kuma ya yi aure a Maseru. Sai ta share ɗakinta na gaba, ta shimfiɗa katifu, ta fara karɓar rainon 'ya'yan matan da ta baro a bakin keke.

A lokacin garin cike yake. Tun gari bai gama wayewa ba mata ke kwararowa kan hanya, kowacce da goyo a ƙarƙashin bargo. Su sauke mata yaro da ɗan kwanon tuwon masara, su ce, "Kaka, jiya ya yi tari," kafin ta amsa sun yi gaba da sauri kada a rufe ƙofar kamfani. Da ƙafafun matan nan garin yake ci. Mai suyar fanke a bakin titi, direbobin tasi, mai sayar da gasasshiyar masara, har da maƙwabcinta Ntate Mohapi, mai kanti da jerin ɗakunan haya, duk ƙarshen watansu suke jira.

Abin bai zo da ƙara ba. Da farko aka daina aikin ƙarin lokaci. Sai aka soke na Asabar. Daga nan aka ce a yi mako biyu a aiki, mako biyu a gida. Masu saye daga waje sun rage oda, in ji manyan, kayan duniya sun yi tsada, mutanen can sun daina sayen sabon wando. Kafin sanyi ya fita, wani babban kamfani ya kulle ƙofa gaba ɗaya, wasu ƙanana suka bi shi. Mata ba su daina fita da sassafe ba, sai dai yanzu a bakin ƙofa suke tsayawa, ko za a leƙo a nuna mutum biyar a ce su shigo. In rana ta ɗaga su watse.

Ntate Mohapi ya fara gina sababbin ɗakuna a bayan kantinsa, gini ya kai taga, ya sallami magina. Wata safiya Mme Matumelo ta same shi yana loda buhunan siminti a motar wani.

"Ntate, ina za a kai su? Ba kai ne ka ce bana za ka zama mai gari ba?"

"Mai garin wa? Mme, tsofaffin ɗakunan ma rabinsu ɓeraye ne a ciki, su kuwa ba sa biyan haya. In rufa sababbi in sa wa?"

"Ka jira mana, ƙila a buɗe."

"Ɗan'uwana da ke Hlotse ya jira, ya sayi tasi ta biyu. Ga ta can kaji na ƙwai a ciki. Yanzu ko burodi rabin na da nake sarowa, shi ma sai ya kwana."

Ɗakinta ma ya fara yin fili. Uwar da ke zaune a gida ba ta kai ɗa raino. Wasu suka tattara suka koma ƙauyukansu a kan duwatsu. Inda da ba ta samun wurin taka ƙafa, sai ga shi yara 'yan ƙalilan suna gudu ɗakin yana amsawa. Tumelo ya kira ta a waya ya ce ta rufe ɗakin ta dawo wajensu ta huta. Ta ce masa to, bari ta gani. Har ta fara tunanin wa za ta bar wa katifun.

A wannan tsakanin ne Moipone ta zo. Yarinya ce siririya mai ɗinka kwalar riga, ba miji, uwarta ta rasu. 'Yarta Bonolo tun tana wata uku take wuni a ɗakin Kaka, yanzu ta kusa shekara uku, ga surutu. Ranar da hantsi suka shigo, Moipone na riƙe da jaka babba, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa zama.

"Kaka, Newcastle ta Afirka ta Kudu zan tafi. An ce can suna ɗaukar masu ɗinki."

"An ce, ko kin ji daga bakin wadda ta je?"

"Wata ƙawata na can. Ta ce in zo, amma ɗaki ɗaya suke kwana su da yawa, ba a zuwa da yaro." Ta sunkuyar da kai tana murza hannun jakar. "Ba ni da kowa, Kaka. Zuwa Kirsimeti kawai."

Mme Matumelo ta dubi yarinyar, wadda ta riga ta cire takalmi ta haye katifarta ta kullum. Ta san Newcastle ba nan kusa ba ce, ta kuma san yadda Kirsimetin masu tafiya neman aiki yake ja da baya. Ta miƙa hannu ta karɓi jakar.

"Kin ci abinci?"

"Mota za ta tashi."

"Motar ta jira. Zauna. Ba za ki haye gadar iyaka da yunwa daga gidana ba."

Ta zuba mata tuwo da ganye, ta tsaya a kanta har ta cinye. Da za ta fita, Kaka ta ce mata ta bar ɗankwalin da ke kanta. Moipone ta cire ba ta tambayi dalili ba.

Magana ba ta ɓuya a Ha Nyenye. Kafin wata ya ƙare, wasu mata uku suka zo da irin wannan roƙo. Gidan da ake wuni ya koma gidan da ake kwana, ake tashi, ake yaye, ake fitar da haƙori. Abin da iyayen ke turowa wani watan ya zo, wani watan shiru, ita kuwa tukunya ba ta san da wannan ba.

Ntate Mohapi ya fi kowa mita. "Mme, ke ce gwamnati? Mutane na rage baki, ke kina ƙarawa." Amma washegari sai ga kabeji biyu a bakin ƙofarta, wai sun fara yaushi ba mai saye, alhali ko ganye ɗaya bai lanƙwashe ba. Da ta ce masa iska na kashe mata shuka, sai ya ce, "Ga ɗakunan banza can ba rufi, iska ba ta shiga. Ki shuka abinki, ko bangon ya yi wani amfani." Haka aka yi. Ta kwaso taki ta zuba a inda ya kamata a sa gadaje, alayyafo da kabewa suka tashi har suna leƙowa ta taga. Masu wucewa suka riƙa tsokanarsa, suna cewa a duk Maputsoe shi kaɗai ne 'yan hayarsa ke ƙiba.

Abu ɗaya ne Kaka ba ta yarda da shi ba: kada yaro ya kira ta uwa. In Bonolo ta ce mata "Mme," wato uwa a yarensu, sai ta ce, "A'a, ni Kaka ce. Mme tana Newcastle tana ɗinki, ta fi kowa iya kwala." Ta ɗaura mata ɗankwalin nan a kai, ta ba ta labarin yadda uwarta ke dariya da yadda take tsoron kwaɗo. Ran Lahadi bayan coci, in waya ta shiga, ta kara mata a kunne. Da farko yarinyar kan yi ta zuba. Daga baya sai ta saurara kaɗan ta ture wayar ta koma wasa.

Kirsimeti ya zo, Moipone ba ta zo ba. Kwanakin da aka buga mata a fasfo sun wuce, tana tsoron in ta haye ba za a bar ta ta koma ba. Ista ma ta wuce. Sai da sanyi ya sake kamawa, dusar ƙanƙara ta rufe kan duwatsu, sannan wata ranar Talata da rana aka yi sallama. Moipone ce, ta rame, takalminta ya tsage, hannunta riƙe da leda mai 'yar rigar sanyi ja. Can ma aiki ya ja baya, baƙi aka fara sallama.

"Bonolo! Zo, ga Mme!" in ji Kaka.

Yarinyar ta ɗago ta dubi baƙuwar. Moipone ta durƙusa ta buɗe hannu. Sai Bonolo ta zagaya ta shige bayan Kaka, ta cusa fuska cikin bargonta, ta riƙe gam. Aka yi lallashi, aka nuna mata rigar, ta ƙi. Moipone ta tashi ta zagaya bayan ɗaki. Mme Matumelo ta same ta tsugune a jikin bango tana kuka ba sauti.

"Ta manta ni, Kaka. Na tafi don ita, na dawo hannu wofi, kuma ta manta ni."

"Ba ta manta ki ba, fushi take yi, ba ta dai san sunansa ba. Share fuskarki. Yau a nan za ki kwana."

Washegari Kaka ta tashi da ciwon hannu. Ta naɗe shi da tsumma, tana nishi tana cewa ko cokali ba za ta iya ɗagawa ba. Bonolo ta kawo mata kwanon kununta, sai Kaka ta ce, "Wayyo, ba hali. Kai wa waccan, hannunta lafiya lau." Yarinyar ta tsaya ta tura baki, yunwa ta ci ƙarfinta, ta je ta tsaya nesa kaɗan ta buɗe baki. Wanka ma haka. Kitso ma haka. Da Ntate Mohapi ya ga tsumman ya tambaya ko a kai ta asibiti, ta harare shi ta ce ya je ya ji da burodinsa. Ya dubi Moipone da ke taje kan yarinya, ya gane, ya wuce yana tari don ya ɓoye dariya.

Ran Alhamis ta sa kayanta na ƙungiyar matan coci, ta kwashi sauran yaran ta kai wa wata maƙwabciya, ta bar uwa da 'ya su kaɗai. Tana jin kukan Bonolo yana bin ta har kwanar titi. Ƙafarta ta tsaya da kanta, ta ja ta da ƙyar ta ci gaba. A coci ba ta ji ko kalma ɗaya daga abin da aka karanta ba.

Da ta dawo da la'asar ta tarar da su a tsakar gida, yarinyar sanye da jar rigar tana bin kaza. Tana cikin gudu ta yi tuntuɓe ta faɗi, gwiwa ta kurje. Ta tashi tana ihu, ta dubi Kaka da ke bakin ƙofa, ta dubi ɗaya gefen, sai ta ruga ta faɗa jikin Moipone. Mme Matumelo ta tsaya da jakarta a hannu. Abin da ta yi kwanaki tana nema ke nan. Ta shiga ɗaki ta kwance tsumman hannunta, ta daɗe tana ninke shi.

Kamfanonin ba su dawo yadda suke ba. Ɗaya ya buɗe da sababbin masu shi, ya ɗauki 'yan kaɗan. Cikin yaran da ke kwana wajen Kaka, an zo an ɗauki ɗaya, biyu suna nan har yanzu. Moipone ta samu aikin wanki da shara a wani gida a Ficksburg da ke tsallaken iyaka, tana haye gada da safe ta dawo da yamma, Ntate Mohapi kuma ya ba ta ɗaya daga cikin tsofaffin ɗakunansa da rahusa, yana cewa gara mutum da ɓera.

Ranar da za su tare, Kaka da kanta ta ɗauki 'yar katifar a ka, tana tafe tana bayani.

"Ba ta son kunu da zafi. In ta ce cikinta na ciwo, duba ko fitsari take ji. Kada ki rufe mata ƙafa, za ta ture."

"Kaka, ɗakin nan ne fa, kina iya jin tarinmu daga gadonki."

"Na sani. Kuma kabewa sai an murƙushe mata."

Ta koma gida ta ɗora tukunyar yamma. Sai da ta zo rabawa ta ga ta jera kwano har da na Bonolo. Ta tsaya tana kallonsa, tana shawarar ta mayar cikin tukunya, sai ta ji ana taɓa ƙofa daga ƙasa. Ta buɗe, ga yarinyar tsaye da cokalinta a hannu, uwarta na bayanta tana dariya.

"Ta ce tuwona bai yi ba, Kaka."

"Ai gaskiya ta faɗa, ɗinki kika iya. Ku shigo, ku rufe mini ƙofa, sanyi na shiga."