Ranar da Baba Ya Sa Babbar Riga Don Ɗaukar Murya

Ko da zan manta komai na zamana a jami'ar Wudil, wannan kam yana nan daram a zuciyata.

Ina aji uku a sashen kwamfuta lokacin da ciwon suga ya cinye wa Baba idanu. Tsohon malamin firamare ne a Utai, mutumin da ko takardar ƙunshin ƙosai ya tsinta sai ya karanta. Na sa masa wata manhaja ta kyauta a waya, mai karanta wa makafi saƙo da murya. Sai dai ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, tsallake su take yi. Ranar da yayata ta haihu a Fatakwal, mijinta ya rubuto, "An samu ɗa." Wayar ta ce, "An samu a." Baba ya yi dariya, sannan ya miƙa wa maƙwabci wayar ya karanta masa. Wannan abin ne ya tsaya mini a rai.

Manhajar irin wadda kowa zai iya buɗe cikinta ne ya gyara, ya tura wa masu kula da ita ta imel, a wani zauren intanet da jama'a da yawa ke karantawa. Na yi gyaran, na tura. Wani daga cikin masu kula da ita ya amsa a taƙaice: gyaran bai hau ba, haruffan duk sun koma alamar tambaya, a sake turowa. A lokacin gani na yi an yi mini tsirara a kasuwa. Na kifa kai a kan tebur ina kuka.

Mai kula da ɗakin kwamfutarmu, wani dattijo Kirista ɗan Taraba, ya jawo kujera ya karanta amsar.

"'Yata, ina zagin a nan? Cewa ya yi ki sake turowa. Wanda ba a so ba a ce masa ya dawo."

Ya nuna mini yadda ake tura gyara tsurarsa, don kada imel ɗin ya taɓa ko harafi ɗaya. Wannan karon ya hau. Amma mutumin da ya amsa mini ya sake rubutowa daga ƙasarsu mai nisa, ya ce bai taɓa jin waɗannan sautukan ba, ko zan turo masa muryar mai harshen? Ya ƙara da cewa shi ma makaho ne, da kunne yake aikinsa.

Ranar Asabar na tafi Utai. Da na yi wa Baba bayani, sai ya ce Inna ta ɗauko masa babbar rigarsa ta sallah.

"Baba, murya kawai za a ɗauka fa."

"Na sani. Amma ai baƙo zan yi wa magana."

Ya zauna a kan tabarma ya gyara hula, ya dinga faɗa a hankali kamar yana gaban allo: ƙasa, ƙofa, ɗaki, ɓera, ɓawo. Da ya gama bai tsaya ba. Ya gaishe da mutumin, ya tambayi iyalinsa da gajiyarsa, ya yi masa addu'a Allah Ya sa haskensa a zuciya. Na so in yanke wannan ɓangaren, na kasa. Na tura duka, na fassara masa.

Aka karɓi gyaran. A ƙasan saƙon mutumin ya rubuta cewa ya saurari gaisuwar tare da matarsa, in gaya wa Baba suna amsawa. Da na faɗa masa, sai ya ce, "Kin ga, ashe ina da sauran ɗalibi."

Baba ya rasu kafin in gama makaranta. Yau ni nake duba gyaran da wasu ke turowa. Abin da na koya shi ne, bayan kowane gajeren saƙo akwai mutum zaune yana jiran amsa. Shi ya sa ba na fara amsa wa kowa sai na gaishe shi.