Ranar da Na Ta da Waƙa a Bakin Teku

Ko da zan manta da sunan unguwar da aka haife ni, ba zan manta da ranar da na fara ganin teku ba. A tsakiyar shekarun saba'in ne, ina da wata bakwai da aure, matan zumuntar majami'armu a Kafanchan suka sami gayyatar taro a wani gari na bakin teku. Mu goma sha ɗaya muka hau jirgin ƙasa. Ni ce ƙaramar cikinsu, an ɗauke ni ne don na yi sakandare, ina iya juya musu Turanci. Ba mai kiran sunana, kowa "Amarya" take ce mini.

Da aka tashi taro, wani malamin makaranta daga majami'ar da ta sauke mu ya ce sai ya kai mu mu ga tsuntsaye. Akwai wani dausayi da aka keɓe, ba a harbi, ba a ɗana tarko, an shimfiɗa gadar katako doguwa don masu yawo. Itatuwan wurin saiwarsu a waje take, kamar sun tattare zani za su ƙetare rafi. Na ga ƙananan kifaye suna tsalle a kan laka, babu ruwansu da ruwa. Malamin ya miƙo mini madubin hangen nesa, na ɗora a ido, sai ga zalɓe a gabana har ina ganin ƙiftawar idonsa. Na ce, "Ubangiji, aikinka da yawa yake."

Motarsa ba ta ɗauke mu duka ba, don haka ya ce mu jira shi a kan gada, zai koma ya kwaso sauran huɗun. Na faɗa wa iyayena mata da Hausa. Amma a ƙarshen gadar ga yashi shimfiɗe, fari, har iyakar gani, ruwan kuwa can nesa kamar zare. Mu 'yan gindin dutse ne. A wurinmu in rafi ya janye, ya janye ke nan sai damina. Uwar zumunta, wadda muke kira Mama, ta duba ta ce, "Ashe su ma rani suke yi. Ku zo mu yi addu'a a can, gadan nan yana rawa." Muka cire takalma muka sauka, muka ƙetare wani ɗan kwari busasshe, muka yi nisa.

Ana shimfiɗa zannuwa ni kuwa idona na kan tsuntsaye. Wasu ƙanana masu dogon baki sun yi layi a bakin ruwa suna caccakar laka. Na ga sun tashi sun matso. Jim kaɗan suka sake tashi suka sake matsowa, ba kuwa wanda ya kore su. Tun ina yarinya, in muna wanki a rafin da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro, kakata ta kan ce in na ga balbela ta bar yashi haka kawai, in kwashe kaya in hau tudu, an yi ruwa can kan duwatsu, ambaliya na tafe. A aji ma an taɓa gaya mana teku yana tafiya yana dawowa, amma ni na haddace ne don jarrabawa.

Na durƙusa gaban Mama na ce, "Mama, ku yi haƙuri, ruwa yana zuwa."

Ta ɗaga kai ta dubi sama. "Ina hadari?"

Ma'ajinmu, wata mai baki, ta ce, "Amarya, boko ya hau miki kai ne? Ko kewar maigida ce? Kwana biyar kawai!" Aka bushe da dariya. Kunya ta rufe ni. Ni wace ce da zan ce wa sa'o'in uwata su tashi? Na waiga, sai na ga kwarin da muka ƙetare ya fara ƙyalli.

Akwai abin da kowace 'yar zumunta ta sani: in aka ta da waƙa ba a barin ta ta faɗi ƙasa, dole a amsa. Caki kuwa yana cikin jakata. Na miƙe, na kaɗa shi, na ta da waƙar da muke shiga layi da ita ranar godiyar kaka, na juya na nufi gada ina taku. Ban waiga ba, ina roƙon Yesu a zuci. Sai na ji amshi a bayana, murya ɗaya, sannan biyu, sannan ta Mama mai kauri. Suka biyo ni a layi, ma'aji na cewa, "Yarinyan nan dai!" amma tana rawa.

Da muka iso kwarin, ruwa ya kai ƙauri, yana kuma ja. Waƙa ta mutu a bakin kowa. Mama tana fama da ciwon gwiwa, ni da ma'aji muka sa ta a tsakiya muka haye, ruwan na dukan cinyarmu. Muna hawa katako malamin ya iso a guje, hannu a ka. Muka tsaya muna kallo har inda muka shimfiɗa zannuwa ya zama ruwa. Zanin wata da ta manta muka ga yana tafiya shi kaɗai.

Mama ta daɗe riƙe da hannuna. Can ta ce, "Daga yau in yarinyan nan ta yi magana, a saurara." Lahadin da muka dawo Kafanchan ta maimaita haka a gaban ikkilisiya, surukata na zaune tana share hawaye. Na san bai kamata mai bi ta yi fahariya ba, na kuma roƙi gafara sau da yawa, amma har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya cika.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in Ubangiji ya nuna maka abin da na gaba da kai bai gani ba, ba don ka ci musu ya nuna maka ba. Ka nemi hanyar da za su tashi da girmansu, amma lallai su tashi.