Bulo Uku na Madam Esi

Kowace safiyar makaranta Madam Esi tana tasowa daga Jisonayili a kan tsohon babur ɗinta, ta tsaya a mahaɗar Kasalgu gaban teburin Mma Azeta mai koko. Takan yi gaisuwar safe da yaren gari, ta ce dasiba, a amsa mata da naa, ta sha kokonta a tsaye da ƙosai, sannan ta wuce aji. Haka take yi tun ɗaliban da suka yi furfura yanzu suna sanye da gajeren wando. Ƙarshen zangon nan za ta ajiye alli ta koma garinsu a bakin teku, kuma har yau ban ji wanda ya ce a shimfiɗa mata ko tabarma ɗaya ta ban kwana ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ina jin kunyar unguwarmu.

Lissafi take koyarwa, amma abin da ɗalibanta suka fi tunawa shi ne bulo uku da ke ajiye a kusurwar ajinta. Takan jera biyu a ƙasa, ta ɗora na uku a kansu. Na farko magana ce da ta game kowa: duk akuya tana cin ciyawa. Na biyu magana ce a kan abu guda: wannan dabbar akuya ce. In ka yarda da biyun nan, na uku ya zama dole, ko kana so ko ba ka so: wannan dabbar tana cin ciyawa. Sai ta zare bulo ɗaya na ƙasa, na sama ya faɗo, aji ya yi dariya. Takan ce, da Hausarta ta kasuwa da muke kwaikwayo a bayan idonta, "Kun gani? Magana na sama ba shi da ƙafa. Na ƙasa ne ke ɗauke shi." Malamanmu suna kiran wannan ilmin manɗiƙi, kuma littattafansa suna nan a ɗakunansu, gara tana karatu.

Shekarar da famfo ya daɗe bai kawo ruwa ba, gudawa da amai suka shiga yaran unguwa. Ina Kumasi a lokacin. Matata Rakiyatu, Allah ya jiƙanta, ita ta ba ni labarin, kuma ba ta taɓa ƙara wa zance gishiri ba, ko a miya ma rowarsa take yi. Wani ya ce ai yaran nan duk suna shan kokon Azeta. Wata ta ƙara da cewa dama cinikin nan nata ya yi yawa, akwai abin da take zubawa. Azeta ba ta da miji, ba ta da ɗa namiji a gari. Kafin mako ya zagayo an yanke hukunci a ƙofar gidan Alhaji Wumpini, dattijon unguwa: a ɗauke teburinta, ta koma Gbalahi wurin danginta. Matar da aka kora da irin wannan suna ba ta sake sayar da ko ruwan sha, a can ko a nan.

Da safe mutane suka taru a mahaɗa. Azeta tana zaune kan kujerarta, ludayi a hannu. Sai ga babur ɗin Madam Esi. Ta sayi koko, ta sha a gaban kowa.

Wani ya ce, "Madam, cikinku na mutanen kudu daban yake."

Ta ce, "Gaskiya, ciki na ba shaida ba ne. Ku bar shi." Ta juya wajen dattijon. "Alhaji, yi hankuri, ina da tambaya. Ciwo ɗaya ne a kan duka yara?"

"Ɗaya ne."

"Kuma daga koko ya fito, ba wani wuri ba?"

"Haka muka gani."

"To in haka ne, duk wanda ciwo ya kama, ya sha koko. Ka yarda?"

Alhaji ya ce ai wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani.

"Jika naka, jinjirin Bashiratu. Yaya jiki nashi?"

Bashiratu 'yar Alhaji ce, ta zo wankan jego gidansa, kuma jinjirinta yana cikin waɗanda aka kai asibiti. Wata tsohuwa ta yi wuf ta ce ta nono ya sha, uwar ce ta sha kokon. Sai matar Alhaji da kanta ta fusata: mai jego a gidanta ta ci abin titi? Kunun da ta dama da hannunta kaɗai 'yarta take sha, kowa ya sani, kada wanda ya zubar mata da mutunci.

Madam Esi ta ce, "To, Alhaji. Bulo na farko kai ka ajiye. Na biyu Hajiya ya ajiye. Ni ban kawo komai ba. Ɗora na uku."

Bai ɗora ba. Ya gyara hula ya ce rana ta yi. Wani saurayi ya tambaya, to ruwan tanka ne ke nan, wanda ake sayowa tun da famfo ya tsaya? Madam Esi ta ce ba ta ce ba, bulonta bai kai can ba, a tambayi ma'aikatan lafiya. Da suka zo suka ce a riƙa tafasa ruwa, har wanda ake ɗura wa jarirai bayan wanka. Ciwon ya lafa. Kokon Azeta dama tafasasshe ne.

Ke ce, Madam Esi, baƙuwar da ta tsare mana 'yar gida a ranar da 'yan gida suka sa mata hannu. Ke ce ba ki ɗaga murya ba, ba ki ce wa kowa jahili ba, kin bar mutum ya gina da bakinsa abin da zai rushe masa zance. Kin ƙi karɓar shaidar cikinki da za ta taimake ki domin ba ta da ƙarfi, kin kuma ƙi ɗora wa mai tanka laifin da ba ki tabbatar ba. Na karanta manyan littattafai, kaɗan ne daga marubutansu ke da wannan kamun kai.

Abin da ya biyo baya shi ne abin kunyar. Masu saye suka dawo teburin Azeta ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar ko akwai sukari, kamar sun dawo daga tafiya. Ba wanda ya ce mata ta yafe. Tun da Rakiyatu ta rasu a teburin nan nake karyawa, ina kallon waɗanda suka zo ɗauke shi suna neman a ƙara musu ƙosai, tana ƙara musu.

Makon jiya na tambayi Madam Esi me take so unguwa ta ba ta na sallama. Ta ce, "Malam, zani yana da yawa a akwati na. Ku je ku gaya wa Azeta." Ba ta faɗi abin da za a gaya mata ba, ta san mun sani.

Mun gode, Madam. Allah ya kai ki gida lafiya, ya ba ki hutun da kika yi wa aiki. Masu koyarwa su ɗauki bulonta, iyaye ma haka, kafin a sake taruwa a kan wata mace. Ku kuma mutanen Kasalgu, ga biyu na ajiye muku. Duk mai mutunci da ya zalunci wani, ya kuma gane, yakan nemi gafara. Mun zalunci Azeta, mun gane, ba mu nema ba. Na ukun ba zan ɗora muku ba. Tana mahaɗa gobe da safe, kuma har yanzu akwai damar zare bulo na biyu.