Ɗakunan Zanzaro na Yaya Rakiya

A gidanmu na Morai, damina ce lokacin tatsuniya. In an sauke tuwo, kakarmu Inna Ige ba ta yarda garwashi ya mutu a banza. Sai ta jawo kujerarta gaban murhu, ta jera ɗanyar masara, mu jikoki mu kewaye ta. Ta iya labari, wannan ba zan hana mata ba. Amma bakinta ya fi barkono zafi, kuma da yake tsakanin kaka da jika wasa ne, duk wanda ta yanka ba shi da wurin kai ƙara.

Yaya Rakiya 'yar baffana ce, ta girme ni da shekara uku. Mu muna ta 'yar tsana da gaɗa, ita zanzaro ne ya ɗauke mata hankali. Takan yi rabin yini a bayan rumbu tana kallon yadda yake ɗauko laka yana gina ɗakinsa. In ya ƙaura, sai ta ɓamɓare ɗakin da tsinke a hankali, ta ajiye a gwangwanin madara. Ta san mai ginin tulu da mai ginin jere, ta san wanda ke cusa tsutsa da wanda ke cusa gizo-gizo. Ba ta jin kunyar abin ko kaɗan. Ko baƙo ta gani sai ta buɗe masa gwangwani, tana bayani har numfashinta na sarƙewa.

Wata rana Inna ta ce mana zanzaro ba ya haihuwa, tsutsa yake ɗaukowa ya rufe, ya yi ta mata kuka har ta rikiɗa ta zama ɗansa. Yaya Rakiya ta yi farat ta ce:

"Inna, ba hakanan na ba. Ƙwai shika sakawa ciki. Tsutsar abinci ta. Harbinta shikai ta sandare, amma da ranta ɗan ka cin ta. Ni da idona nig gani."

Inna ta juya masara, ta yi murmushi.

"To, Malama. Mun ƙaru."

Washegari Inna ta ce yau sabuwar tatsuniya ta zo mana da ita. Muka ce ta zo mu ji ta.

Wai an yi wata yarinya mai ilmi, ilmin da ya fi na tsofaffin garinsu duka. Ba daka, ba shara, sai leƙen ɗakin zanzaro. Rannan zanzaro ya ce mata, irinki bai kamata ki tsaya daga waje ba, shigo ki ga karatu. Ta shiga tana taƙama. Ya harbe ta, ya liƙe ƙofa da laka. Uwarta ta yi ta kira, yarinya tana ji amma ba bakin amsawa. Mutanen gari suka ce a bar ta, ta tafi ƙarin ilmi.

Nan Inna ta rage murya, ta dubi Yaya Rakiya ido cikin ido.

"Kun san da ranta anka cinye ta? Daga ƙahwa anka hwara. Tana ji, tana gani. Da anka hwasa ɗakin, ba a ishe komi ba sai 'yar tsutsa da ɗankunne guda."

Ashe ta saurari bayanin jiya sarai, ta adana shi. Muka kwashe da dariya, har da masu birgima. Ni na fi kowa, don na daɗe ina jin haushin yadda baƙi ke tsayawa su saurari Yaya Rakiya. Ba wanda ya aike ni, na ruga na ɗauko gwangwanin a ƙarƙashin gado na miƙa wa Inna. Ta riƙa ɗaukar ɗakunan ɗaya bayan ɗaya tana jefawa a wuta, tana cewa bari mu ceto yarinyar mutane. Duk wanda ya fashe sai mu yi shewa, muna kiran "'Yar Tsutsa! 'Yar Tsutsa!" Yaya Rakiya ba ta motsa ba har aka jefa na ƙarshe.

Da safe ta kai kuka wurin Baffa. Yana tsakiyar karatu, bai ko rufe littafin ba.

"Kakarki ta. Wasa na. Jika ba ya hushi da kaka."

Sunan kuwa ya bi ta. Ya bi ta rijiya, ya bi ta makaranta, har gidan aurenta a Maradun na ji wata tana faɗa. Ban sake ganinta a bayan rumbu ba. Ta zama mai shiru, mai aiki, kowa na yabo. Inna har ta rasu tana cewa tatsuniyarta ce ta gyara yarinyar, ni ma shekaru na ɗauka haka ne darasin: kowa ya tsaya inda 'yan uwansa suka tsaya. Sai da na girma na gane ba gyara muka yi ba. Mun ga mutum yana son abu da dukan zuciyarsa, mu ba mu da irinsa, sai muka taru muka kashe.

Bara na kai wa Yaya Rakiya ziyara da autata Maryam, wadda ke karatun ƙwarin gona a jami'a, mai surutu a kan abin da take so kamar an kunna rediyo. Tana cikin zuba, ta ce wai duk zanzaro tsutsa yake tarawa.

"A'a, ɗiyata," in ji Yaya Rakiya. "Mai dogon ƙugun nan gizo-gizo shika sawa. In kin hwasa da wuri, za ki ga ƙwan manne ga na hwarko, ɗan hwari hakanga, kuma in kin taɓa ƙahwar…"

Ta ɗaga hannu tana gwadawa, fuskarta ta washe, muryarta ta koma ta 'yar shekara goma sha uku. Maryam ta matso tana cewa, "Sai me, Gwaggo? Ci gaba!"

Sai Yaya Rakiya ta tsaya cak. Ta sauke hannun a hankali, ta waiga ta ga ko akwai mai dariya. Mu uku ne kawai a ɗakin, kuma ni ta kalla.