Rijiyar Hajaratu

A wani ƙauye gefen Ruwan Godiya, in aka ce rijiya, to Baba Gide ake nufi. Shekara arba'in yana haƙa, daga Tafoki har Damari, kuma bai taɓa bari wani ya riga shi shan ruwan farko ba. Da ruwa ya ɓullo sai ya kamfata a tafin hannu, ya kurɓa, ya juya shi a baki, jama'a na leƙe daga sama. In ya ce zartsi ne, a cike ramin. In ya yi hamdala, mata su rangaɗa guɗa. Kai, mutumin nan yana ji da harshensa!

Da matarsa Hajaratu ta rasu, ya haƙa mata rijiya a ƙofar gida, sadaka mai gudana. Ya nutsa zurfin gaba goma sha takwas, ya fasa dutse, ruwa ya fito garau, ga sanyi. Duk tsananin rani ba ta ƙafewa, sai unguwa ta yi watsi da tsohuwar rijiyar bakin fadama.

Da ruwan nan jikarsa Ummu Salma ta tashi. Da ta yi famfara, sababbin haƙoranta suka fito da ɗigon fari kamar alli, sannan suka rine ruwan ƙasa. Uwarta ta dirje su da gawayi, ta dirje da toka, har dasashi ya yi jini. Shi kuwa tsoho sai tsokana: "Amaryata, goron wa kike sata?" Da fari tana dariya. Daga baya ta koma toshe baki da gefen hijabi, ko a gida.

Wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Shafa'atu, ta zo rigakafi, ta ga rabin yaran unguwar haka bakinsu yake. Ta ɗebi ruwan rijiyoyin biyu aka kai gwaji. Da ta dawo, ta durƙusa ta gai da Baba Gide.

"Baba, ba datti ba ne. Wani sinadari ne, fuloraid, daga dutsen ƙasa yake narkewa. In ya yi yawa, yana ɓata haƙoran yara tun suna cikin dasashi. Ta fadama lafiyarta lau."

"Ɗiyata, ni na ɗanɗana ruwan ga da bakina."

"Ba shi da ɗanɗano, Baba. Tafasawa ma ba ta fidda shi."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Lada ya nema wa Hajaratu, ashe jikarta yake cutarwa, har yana yi mata dariya a kai.

Bai cike rijiyar ba, ya ce a bar ta don wanka da wanki. Yana da shekara saba'in ya sauka cikin rijiyar fadama, ya yashe ta, ya ɗaure bakinta da siminti, ya sa murfi. Lokacin Amatullah, ƙanwar Ummu Salma, rarrafe take. Shekara shida yana tare duk mai shiga gida da tulu, yana tambayar daga ina.

Ranar da sabon haƙorin Amatullah ya leƙo, fari tas, Ummu Salma ce ta jawo ta gabansa. "Baba, duba! Duba!" Murna ta sa ta manta da hijabi, tana ta dariya, baki buɗe.

Ya dubi farin haƙorin sau ɗaya. Sannan ya daɗe yana kallon bakin babbar, wanda rabonsa da gani shekara da shekaru.

"Naki ba zai dawo ba, amaryata," ya ce. "Ki yafe mani."