Garkuwar Kakana Ta Je Damagaram

Shekarun baya, ina aji biyu a sakandare, masu kula da kayan tarihi na Najeriya da Nijar suka shirya baje kolin kayan yaƙin da aka yi tsakanin Kano da Damagaram. Za a fara nunawa a Kano, sannan a tsallaka da su can.

A gidanmu na unguwar Soron Ɗinki a Kano akwai wata garkuwar fata a ɗakin kakana. Ni nake goge ta, har na san inda fatar ta tsage da inda gumin hannu ya baƙanta maɗaurinta. Tun muna ƙanana ake gaya mana kakan kakana ne ya ƙwato ta a hannun wani Badamagare.

Wata Asabar wata jami'a ta zo neman aronta, tare da wani dattijo daga Damagaram. Kakana ya kira ni soro da biro, wai rubutuna ya fi na kowa kyau. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu!

Ko zama dattijon bai yi ba kakana ya ce, "A'a, yau bayina ne a gidan?"

"Kayanmu muka zo karɓa, Alhaji," in ji dattijon. "Wanda kuka tsinta kuna gudu."

Na fara neman hanyar ƙofa. Sai na ga suna dariya har da tafawa. Ranar na san Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne.

Amma da jami'ar ta ce jimla ɗaya take so a rubuta a ƙarƙashin garkuwar, dariyar ta ɗauke. Kakana ya ce a sa "an ƙwato", in ba haka ba garkuwarsa ba za ta fita daga soron nan ba. Dattijon ya ce ba zai kai wa mutanensa wannan kalmar ba. Ya zura hannu a maɗaurin, sannan ya ce a gidansu ma akwai wanda ya taho Kano bai koma ba, matarsa ta tsufa tana jira. Kakana ya sunkuyar da kai. Ya ce wanda ya kawo garkuwar ma da ƙaninsa ya fita, shi kaɗai ya dawo. Ban taɓa jin wannan ba.

"Ke, me kika rubuta?" in ji kakana.

Kunyar su biyun ta hana ni zaɓa, don haka layi biyu na yi: abin da ake faɗa a Kano, da abin da ake faɗa a Damagaram. Na miƙa musu takardar. Jami'ar ta ce ba haka suka saba ba, amma za ta kai wa kwamiti. Kwamitin ya yarda, kakana ya ba da aro.

Da aka kai kayan can, ya bi su, karonsa na farko na tsallake iyaka. A gidan dattijon ya sauka. Shi da garkuwar suka dawo lafiya, yana ta mita wai a can layin Damagaram suka sa a sama.

Har yau in na ji mutum biyu suna musu kan abin da ya wuce, ba na saurin neman mai gaskiya. Nakan jira in ji wa kowannensu ya rasa.