Amanar da Na Kai Kamfanin Waƙa

Zan faɗi abin yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya, domin har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin 'yata tana shekara ta uku a jami'ar da ke East Greensboro, nan Amurka inda muke zaune, tana karanta kasuwancin waƙa. Ba rera waƙa ba, wannan sai da na tabbatar kafin in amince. Yarjejeniya take koyo, da haƙƙin mallaka, da wa ke da me idan waƙa ta shiga kasuwa. Wani kamfanin waƙa mai ofis a tsakiyar gari ya buɗe horon aiki ga ɗaliban da yake so su zama manajoji nan gaba. Ta cike takarda, ta yi intabiyu ta waya, aka kira ta gwajin mako biyu tare da ɗalibai uku. Mutum ɗaya za a riƙe. Wanda aka riƙe zai shekara yana aiki kusa da manya, in ya gama jami'a kujera na jiran sa.

Ni ba haka aka koya mini shiga sana'a ba. Ranar da zan fara koyon gyaran mota a Kano, mahaifina ya kama hannuna har gareji, ya ajiye goro gaban maigidan, ya ce ga amana. Wanda ya kawo kansa shi kaɗai, sai ya shekara yana wankin kayan aiki, don an san babu mai tambayar lafiyarsa. Da wannan na tashi, da shi na buɗe garejina a garin nan.

Na gaya wa mahaifiyarta cewa zan je in ga shugabar yarinyar. Tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Alhaji, kamfani ne fa, ba gidan suna ba. Wa ya aiko maka da goron gayyata?"

Na ce uba ba ya jiran gayyata. Ita 'yar ban gaya mata ba, don ban ga dalilin neman izininta kan abin da ya wajaba a kaina ba.

Rana ta huɗu ta gwajin na rufe gareji bayan azahar, na yi wanka, na sa farin kaftani da hula. Na ɗauki kilishin da aka kawo mini daga gida da kwalin dabino. Daga unguwarmu ta Glenwood zuwa ofishin ba nisa. Mai karɓar baƙi ta kira shugabar, ta fito, mace ce da ba ta haura arba'in ba. Da Turancina na gareji na faɗa mata abu uku. Na farko, wannan 'yata ce, ni na yi mata tarbiyya, na ba ta amanarta. Na biyu, in ta yi kuskure a gyara mata, kada a raga mata. Na uku, ga katin garejina, in ta makara ko za a tura ta wani gari wurin wasa, a kira ni tukuna.

Matar ta yi murmushi har kunne. Ta ce abin ya burge ta, ta ce 'yata ta yi sa'ar uba. Ta karɓi katin, ta mayar mini da tsarabar, wai dokar kamfani ta hana. Ta bayan gilashi na hango 'yata tsaye da takardu a hannu, ɗaliban nan uku suna kallon ta. Ba ta fito ba. Na ɗauka kunya ce irin tamu, har na ji daɗi.

Da yamma ta dawo da Turanci a baki, wanda sai ta fusata take yi mini shi. Na ce ta yi Hausa. Ta yi.

"Baba, suna neman wanda zai zauna gaban lauyoyi ya ce a'a. Kai kuma ka je ka ce a kira ka in na makara."

Bayan mako biyu imel ya zo. Sun yaba ƙwazonta, sun yaba iliminta, sannan suka ce kujerar tana buƙatar mai tsayawa da ƙafafunsa. An ɗauki wani.

Fushina na farko da matar nan ne. A wurinmu in ka kai amana mutum ba ya so, sai ya gaya maka a fuskarka, ka san inda ka tsaya. Ita ta yi mini dariya, ta raka ni har ƙofa, ta koma ta yanke wa yarinya hukunci kan laifin da ba nata ba. Kalma ɗaya ta isa: Malam, nan ba a yin haka. Da na ba ta haƙuri nan take, na ce yarinyar ba ta san da zuwana ba. Fushi na biyu da mahaifiyarta, da ta san ramin amma ta tsaya a kan zolaya. Na uku ba sai na faɗi da wa ba, wanda ya sa kaftani ya je ya san kansa.

Washegari na ɗauki makullin mota zan koma in tambayi matar ko ita ba ta da uba. 'Yata ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in na sake taka ofishin nan, duk kamfanonin da ke harkar za su ji labari, domin sun san juna. Na ajiye makullin.

Da shekara ta zagayo ta nemi irin wannan horo a wani kamfani, a wata jiha, ta samu. Daga bakin mahaifiyarta na ji, bayan an riga an sayi tikitin jirgi. Na kira yarinyar falo na tambaye ta sunan kamfanin. Ta durƙusa kamar yadda na koya mata, ta ce in yi haƙuri, in ta cika wata uku a wurin za ta faɗa mini.